Rabon Laifi

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu,
namu yana ta gunaguni.
Ni da na'ura muna zaune,
ina koya mata tumatir.

Hoto dubu goma sha ɗaya na ɗauko mata
a kasuwar Mile 12, rumfar Kawu Maikano,
ina tattare zani ina tsallake caɓi.
Kowanne na sa masa suna da hannuna:
wannan lafiyayye, wannan ya fara, wannan sai bola.

Ranar farko na nuna mata ruɓaɓɓe,
ta ce sabon tsinka ne.
Na nuna mata jar hular wani ɗan dako,
ta ce zai kai kwana huɗu bai lalace ba.
Folarin ya yi dariya har ya ɓarar da shayi.

Amma ga abin da take yi in ta yi kure:
ba ta rantsuwa, ba ta neman shaidu.
Takan auna tazarar da ke tsakanin abin da ta faɗa
da abin da yake,
ta saɓi tazarar nan ta koma baya da ita,
layi bayan layi, ƙulli bayan ƙulli,
yadda masuncin Makoko ke bin komarsa da yatsa
yana neman inda kifi ya sulale.
Kowane ƙulli a tambaye shi: nawa ne naka a ciki?
Wanda ya ja da yawa a sassauta shi,
wanda ya yi sako-sako a ɗan tsuke.
Kaɗan dai.
Ba a gyara da fushi.
In aka murɗa da ƙarfi, ta tsallake daidai ta faɗa can gaba,
in aka yi sanyin hannu, asuba ta tarar da ku inda kuke.

Sai na tuna wata Laraba
da tirela ta iso daga Kadawa,
kwando ɗari huɗu, rabi ya zama ruwa.
Kawu ya ce direba ne.
Direba ya ce shingayen hanya ne, da tayar da ta fashe a Mokwa.
Masu lodi suka ce manomi ya yi tsinka da tsakar rana.
Manomi a waya ya ce haka Allah ya so.
Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa.
Asara ta yi ta gararamba har la'asar
ba wanda ya ba ta masauki,
ƙarshe ta kwana a kan Sahabi,
yaron da ke wanke kwanduna.
Aka yanke masa kuɗin yini.

Ban ce ta fi mu ba.
Ba ta biyan haya, ba ta da fuskar da za ta ji kunya,
ba mai jiranta a gida da kwanon tuwo ba miya.
Cewa "nawa ne" ba wuya
ga wanda ba za a taɓa masa aljihu ba.

Zagaye na ɗari uku.
Layin kuskure yana sauka a allo
kamar ruwan kwatar Legas bayan an ɗauke sama,
a hankali, yana tsayawa, yana sake tafiya.
Hoto guda kawai ya ƙi.
Kullum ta ce lafiyayye ne,
kullum a ce mata ƙarya take,
ta koma baya ta wahalar da ƙullinta.

Na buɗe shi.
Tumatir ne jawur, fata sumul, ko tabo babu.
Ni ce na rubuta masa "bola"
wani dare da barci ya fi ƙarfina.
Laifin ya bi layi, ya bi ƙulli,
ya ƙure raga, bai sami mai shi ba,
ya tsaya a bakin allo yana kallona.

Na goge, na gyara.
Can ƙasa danfo na farko ya fara kiran Oshodi.
Ranar Larabar nan ma ina wurin, ai.
Ina tsaye kusa da Sahabi, waya a hannu,
ina neman haske mai kyau.